Ranar da Na Zubar da Dusar Mama Harumi

Ba zan taɓa mantawa ba da satina na biyu a gonar Mama Harumi. Na ce gona, amma kada ku hango fili har inda ido ya ƙare. Wani ɗan kango ne tsakanin dogayen gidaje biyu a Highbridge, nan Bronx, inda wannan tsohuwa 'yar Japan ke noman kokwamba, yalo, kabeji da wani farin abu mai kama da karas amma ya kai tsawon hannuna. Da ƙyar ƙawar Umma ta samo mini aikin, bayan an sallame ni daga shaguna biyu (ba sata ba ce, baki ne). Umma ta riga ta ce idan wannan ma ya kuɓuce, kada in ƙara tunkararta da zancen aiki.

Matar nan komai nata a hankali take yi. Sai ta cire takalmi kafin ta shiga rumfar kayan aiki. Fartanya ma sai an wanke ta, an goge, an rataye. Ni kuwa gani nake duk ɓata lokaci ne.

Wata Asabar za ta kai kaya kasuwa, ta ce in share rumfar kafin ta dawo. A can lungu na ci karo da wata tukunyar ƙasa mai murfin katako. Ina buɗewa wari ya doke ni har ƙwaƙwalwa. Wani abu ne kamar jiƙaƙƙen yashi, ga kokwamba da yalo duk sun yamushe a ciki. Na ce Allah sarki, tsufa ya zo, ta manta da abinci har ya ruɓe. Na kinkimi tukunyar na juye a kan tulin taki, na sa shebur na cakuɗa sosai (ni ba na aiki rabi da rabi). Na wanke ta da sabulu da ruwan zafi har sau uku, na kife a rana, na zauna jiran yabo.

Da ta dawo, ta shiga rumfar. Can ta fito riƙe da murfin.

"'Yata, ina abin da ke cikin tukunyar?"

"Na zubar, Mama. Ya ruɓe. Gaskiya ki riƙa duba kayanki."

E, har da shawara na ba ta.

Ta zauna a kan wani akwati. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta bayyana mini cewa dusar shinkafa ce da gishiri, a ciki suke binne kayan lambu su yi tsami a ci da shinkafa. Kullum sai an sa hannu an juya ta, in ba haka ba ta lalace. Kakarta ce ta fara haɗa ta, mahaifiyarta ta ɗibar mata lokacin aurenta. Ko sanda mijinta ke kwance a asibiti, sai ta dawo ta juya dusar nan ta koma.

Na ruga wurin takin na hau tono da hannu, cikin ruɓaɓɓen ganye da tsutsotsi, ina neman gadon mutane. Ta ce in bari, ba ta tsintuwa.

Sai ta ɗauki waya ta daɗe tana magana da yarensu, tana ta rusunawa kamar mai sauraron na gabanta. Ta rubuta mini adireshi a unguwar Queens. Ashe shekarun baya ta taɓa ɗibar wa wata ƙawarta dusar.

"Ke kika zubar, ke za ki ɗauko," in ji ta.

Da na isa, ƙawar ta buɗe ƙofa ta dube ni daga sama har ƙasa. An riga an ba ta labari. Ta miƙo mini robar dusa da hannu biyu kamar jariri, ta ce kada in ajiye a ƙasa. Murfin bai kama sosai ba. A hanyar dawowa jirgin ƙasa cike maƙil da mutane, amma ni kaɗai nake da kujeru uku.

Mama Harumi ba ta kore ni ba. Abin da ta yi ya fi kora: ta ce daga ranar ni ce mai juya dusar, kowace safiya, hannu har wuya.

Da yamma Umma ta sunsuni hannuna ta tambayi mushen me na taɓa. Na kwashe labarin na ba ta, ina kare kaina cewa duk mai hanci zubarwa zai yi. Ta buɗe kabad ta ɗauko kwalbar daddawar da aka aiko mata daga Kano, ta kara mini a hanci.

"Wannan fa? Da ita na raine ki. Ki zubar mini ki gani."

Tun daga nan, duk abin da na ji yana wari a gidan mutane, sai na fara gaishe shi, in tambayi shekarunsa.