Ranar da Aka Yi Ruwan Riɗi a Kan Baƙin Haj Usman

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi ruwan riɗi a Gadarif ta ƙasar Sudan ba, domin ni ne hadarin.

Sana'ata sayar da kayan wuta. Na fara da soket da ƙwan fitila a kan tebur a cikin kasuwa, har Allah ya kai ni ga shigo da inbata, wato akwatin da ke ƙara wa inji gudu ko ya rage masa. Ban yi makarantar abin ba, amma ina da ido, kuma ina alfahari da hakan (fiye da kima, kamar yadda za ku gani).

Haj Usman, babban ɗan kasuwar amfanin gona, ya gina masana'antar tace riɗi, ni na kawo masa inbata na kowane inji: na rariya, na bel mai ɗaukar kaya, da na babbar fankar da ke zuƙe ƙaiƙayi ta watsa shi waje ta bututu. Wadda ta haɗa su wata injiniya ce mai suna Nafisa, da yaƙi ya koro daga Khartum. Muna ce mata Bashmuhandisa, wato babbar injiniya, ita kuma ta ce mini Ammu, wato baffa.

Ina tsaye a kanta kullum ina kallo. Ta jera duk inbatocin a kan siririyar waya guda, ta ba kowanne lambarsa, kamar shaguna a layi ɗaya. A cikin kowanne akwai ƙananan gurabe da ake kira rajista. Wata karanta ta kawai ake yi, a ga zafin inji ko wutar da yake ci. Wata kuma rubutu ake yi a cikinta, inji ya bi. Kwamfuta ce kaɗai ke fara magana: ta kira lamba, ta faɗi rajista, ta faɗi buƙatarta, inbata ya amsa cewa ya ji. Sunan wannan yaren nasu Modbus. Na haddace lambar rajistar gudu, na ce a raina ai aikin ke nan.

Ranar gwaji Haj Usman ya gayyaci abokansa, cikinsu har da Haj Bashir na garin Ƙala'at an-Nahal, wanda shi ma yake shirin gina tasa masana'antar, kuma bai tsayar da wanda zai ba odar kaya ba. Wannan odar nake so, ba zan ɓoye ba. Aka tayar da injuna, komai yana tafiya sumul. Aka shimfiɗa wa baƙi faɗur, wato karin kumallo, a rumfar tsakar gida, ga dafaffen wake na ful, ga kisra ta dawa mai kama da siririyar waina, ga miya. Nafisa ta rufe kwamfutarta a ofis ta tafi duba janareta a can baya.

Na ja hannun Haj Bashir zuwa ofis. Na ce, "Zo ka ga abu, ya Haj. Daga kujerar nan zan ƙara wa bel gudu, ko tashi ba zan yi ba."

Ya ce, "Kai ma ka iya? Na zaci kwali kawai kake saukewa."

Maganar nan ce ta ƙarasa ni. Na buɗe kwamfuta, na sa lambar rajistar gudu, na sa gudun a arba'in. Akwai wani gurbi a sama da ke nuna sifiri, na lambar inbatan da ake kira. Na gan shi sarai, na bar shi yadda yake, don ban taɓa lura Nafisa tana taɓa shi ba. Na danna. Babu amsa.

Na yi ɗan murmushin masana, na ce waya ce ke nauyi. Na sa arba'in da biyar. Shiru. Na sa hamsin. Shiru. Ƙofa a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri, ba ma jin komai daga waje. Haj Bashir ya kurɓi gahawarsa ta jabana ya ce, "Ko dai ba ya jin Hausa ne? Gwada masa Larabci." Na sa sittin, na danna da ƙarfi, kamar ƙarfin yatsa ne ya rage.

Sai ƙofa ta buɗe. Haj Usman ne, rawaninsa da gemunsa da girarsa duk riɗi, kamar alewar riɗi ta simsimiyya ta yi ƙafa.

"Wa ke taɓa mini injina?"

Muka fita. Bututun fanka yana feshin riɗi, ba ƙaiƙayi ba, tsabar riɗi fari tas, kai tsaye cikin rumfa. Dattawa sun rufe kai da jallabiya, wani ya kifa tire a kansa, wani tsoho kuwa ya ƙi tashi, ya kare kwanonsa da hannu yana ci gaba da ci. Bel yana gudu yana zubar da kaya, rariya tana rawa kamar za ta bar ƙasa. Nafisa ta sheƙo ta danna jan maɓalli, komai ya tsaya. Ta shiga ofis, ta dubi kwamfuta, ta dube ni.

"Ammu, lamba nawa ka kira?"

"Ban kira kowa ba. Sifiri na tarar."

"Sifiri shi ne kowa. In ka aika da sifiri, duk wanda ke kan wayar zai bi umarni, kuma babu wanda zai amsa. Haka aka tsara, don kada su yi magana lokaci guda su rikita layi. Ni in na buɗe, lambar na fara sawa, hannuna ne ke da sauri."

Wato duk lokacin da nake ganin an yi banza da ni, masana'anta gaba ɗaya tana yi mini biyayya. Ban taɓa samun iko irin na wannan rana ba, ban kuma san ina da shi ba sai da na gan shi a gemun mutane.

Na ba Haj Usman haƙuri, na tuɓe jallabiya na shiga cikin masu shara, muka tattara abin da ya tattaru aka mayar rariya. Ya ce, "Ma'alesh," wato ba komai, amma bai dube ni ba. Na tabbata odar ta tafi.

Da zai shiga mota, Haj Bashir ya kira ni. Yana kakkaɓe hularsa ya ce, "Kayanka suna jin magana, na gani da idona. Har abin da bai kamata ba suna yi in an ce su yi. Kawo mini irinsu. Amma Bashmuhandisa ce za ta haɗa, kuma ranar gwaji kana rumfa tare da mu."

Na ce na yarda.

Na daɗe ina juya abin a raina. Idona ya ɗauki abin da ya fi ɗaukar hankali, ya bar wanda ya fi muhimmanci, kuma ban san na bar shi ba. Tun daga lokacin, in na ba da umarni a shago ko a gida na ji shiru, ba na ɗaga murya in ƙara. Sai in tashi in leƙa waje tukuna, in ga ko an riga an fara aikata abin da na faɗa.