Filasta a Goshin Tela

A waɗannan shekarun, layin bai kai faɗin da yake da shi yanzu ba. Shaguna ne jere ƙarƙashin rumfar kwano guda, kwata na bi ta gabansu, an gitta katako a kai domin masu tsallakawa. A farkon layin akwai shagon wata tela. A ƙarshensa kuma kantin magani na ɗan kawunta, wanda ya yi karatun haɗa magunguna. Abokan wasa ne tun suna rarrafe. Sanƙo take kiransa, kuma ba su taɓa daidaitawa a kan wane ne babba ba.

Tela ta haura hamsin a lokacin. Al'ada ta ɗauke mata, sai wani zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa ka, gumi yana ɗiga a kan yadin mutane. Likita ta rubuta mata magani na mannawa a fata, amma ba ta ga sauƙi ba, har ta fara shawarar rufe shagon. Da wannan ta shiga kantin wata hantsi, kwalin maganin a hannu.

"Sannu da aiki, Sanƙo. Ya ciwon rowa?"

"Da sauƙi, 'yar gwaggo. Matsa daga gaban fanka kada ki ƙona min ita."

"Ungo tsiyarka. Magani aka aiko ni saye, ka ba ni facin taya."

"Tayar ce ta tsufa, facin ba shi da laifi."

"Ko zama ba ya yi! Da gumi ya zo sai ya sulale. Jiya a hannun rigar wata malama na tsince shi, saura kaɗan in ɗinke shi a ciki."

Sanƙo ya gyara tabarau. "A ina kike mannawa?"

Ta ɗage ɗankwali. Ga filasta nan tsakiyar goshi, gefe ɗaya ya ɓanɓare.

Sai da ya dafa teburin kantin saboda dariya. "Kamar buhun da aka liƙa wa farashi! Tsaya in kira mai hoto."

"Zafin a kai yake. A diddige zan manna?"

"Ranar da kika karɓa me na ce miki? Ban ce ƙasan cibiya ko a mazaunai ba?"

"Ka ce."

"To?"

"To ai na ɗauka shaƙiyancinka ne! Kai da ka taɓa ce min man gashi na fito da haƙori. Daga bakinka zan ji a manna magani a mazaunai, kuma in je in manna?"

Nan dariyar ta ɗan tsaya masa, domin ya ga gaskiyarta. Tela ta zauna a benci, tana fifita da kwalin.

"Ni na gaji, Sanƙo. Barci babu, hannu na santsi a kan almakashi. Keken ɗinkin ma zan ba 'yata. Abin da ko sunansa ban iya faɗa ba, yaya zai yi min aiki?"

Ya cire tabarau ya ajiye. "Yaya, saurare ni."

Ta ɗago. Tun da suke bai taɓa kiranta haka ba.

"Sunansa estradiyol. Ba baƙo ba ne a jikinki. Sinadari ne daga dangin da ake kira estrojin, jikin mace ke yinsa da kansa. Shi ke tafiyar da al'ada, yana kuma riƙe ƙarfin ƙashi. In al'ada ta ɗauke sai ya ragu, zafin nan ya biyo baya. In likita ta ambace shi, ko dai tana nufin na cikin jininki da za a auna, ko wannan da ake ƙara miki. Ta fata yake bi ya shiga jini, ba ruwansa da inda zafin yake. Wuri busasshe yake so, inda zai zauna. Ki manna inda na ce, ki kuma koma ki gaya wa likita gaskiyar abin da kika yi."

"In gaya mata a goshi? Ta ce dangin Sanƙo duk haka suke?"

"Ki ce a wajen gwaggo kika gado."

"Sake faɗin abin da ka kira ni."

"Ban ce komai ba. Zafi ne ya taɓa miki kunne."

Ta ɓare filastar, ta miƙa hannu ta dangwala masa a tsakiyar kai. "Ga busasshen wuri, ko ciyawa babu."

"Allah ya isa! Ba ni nake gumi ba."

Tana dariya ta zaro tef ɗin awo daga wuya ta zagaya kansa. "Ka ci wannan, ƙanena. Zan ɗinka maka hula, mu huta da hasken nan."

Maƙwabta sun tabbatar cewa ba a rufe shagon ba, kuma ƙarar keken ta ci gaba shekaru bayan haka. Hular dai har yau ba a ɗinka ba, kuma Sanƙo bai amince ya taɓa cewa Yaya ba.