Kun Auna Hayaƙi, Kun Manta da Saniya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Cibiyar Nazarin Sufuri Marar Hayaƙi, babban masani, uban masu bincike, Allah ya ƙara wa ofishinka sanyi.

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin direba ga manyan masu ilimi, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da na'urorinka baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, sunana Ɗanlarai, mutumin Ƙofar Dumi. Shekara goma sha tara ina jan tirelar shanu daga Bauchi zuwa Fatakwal. Wata huɗu da suka wuce, ma'aikaciyarka Malama Christiana ta zo da izinin mai motar, Alhaji Baffa, ta liƙa mini wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana a ƙarƙashin sitiyari. Ta ce za a auna man da nake ƙonawa da hayaƙin da nake fitarwa, don duniya ta daina ɗumama. Na ce madalla, ni ma zafin nan ya ishe ni. To ga 'yan koke-kokena, in ba za su shiga lokacin shan shayinka ba.

Na farko. Rahotonku ya ce cikin direbobi arba'in ni ne na arba'in, wai ina yawan tsayawa a hanya "babu dalili". Babu dalili! Allah ya ja zamaninka, ka taɓa leƙa bayan tirelar shanu? Dabba talatin ne a tsaye, jiki na gugar jiki. In ɗaya ta gaji ta durƙusa, sauran ba sa matsa mata, tattaka ta suke yi har ta daina numfashi. Shi ya sa Malam Jalo, dattijon da ke rakiyar shanun, yake zama a kan katakon da ke samansu. Da ya ga wata ta kwanta sai ya buga rufin mota da sanda sau uku, ni kuma in taka birki ko a ina muke. Shi ya kama wutsiya, ni in ja igiya, har ta miƙe. Sauran tsayuwar kuwa salla ce. Ko ita ma tana ɗumama duniya?

Na biyu. Takardar tambayoyinku shafi tara ce. An tambaye ni shekarun taya, an tambaye ni sau nawa nake canja giya, har an tambaye ni ko ina samun "gamsuwa" da kujerata. Ko layi ɗaya bai tambayi abin da na ɗauko ba. Da na yi wa Malama Christiana bayani, baiwar Allah ta ce wallahi ta gane, amma fom ɗin ba shi da gurbin saniya, sai ta rubuta "kaya". Don Allah, a makarantar da kuka yi karatu, buhun siminti yana durƙusawa?

Na uku, kuma nan ne zuciyata take tafasa. Alhaji Baffa mutum ne mai girmama duk takardar da ke da tambari. Da ya ga rahotonku, ya kira ni shagonsa a kasuwar Muda Lawal, ya ce motarsa ba za ta zama abin kwatance a bakin masana ba, ko in gyara a tafiya ɗaya ko in ajiye makulli. Ina da mata da 'ya'ya shida, sai na bi shawararku.

Bayan Akwanga Malam Jalo ya buga rufi. Ban tsaya ba. Kafin Lafiya ya sake bugawa, yana kiran sunana yana cewa in ji tsoron Allah. Ni kuwa ina kallon fitilar na'urarku, koriya shar, tana nuna ina aiki irin na masu ilimi. Dab da Makurɗi na kasa daurewa na tsaya. Uku sun riga sun tafi, ko wuƙa ba a samu an sa musu ba, sun zama mushe. Malam Jalo bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ɗauki sandarsa da butarsa ya tsallaka titi ya hau wata mota. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na san ƙafata ce ta ƙi taka birki, amma ku kuka ce mata kada ta taka.

Na huɗu. Labarin ya riga ni dawowa gida. Yanzu a kara, wato kasuwar shanu, dillalai suna kirana direban da ba ya jin sanda, babu mai loda mini ko ɗan akuya. Sati uku ke nan motar tana fake a Inkil, kajin unguwa sun mayar da ƙarƙashinta akurki. Sai ga shi jiya kun turo mini saƙon taya murna a waya, wai wannan watan ni ne na ɗaya cikin arba'in, ban fitar da hayaƙi ko kaɗan ba, har za a ba ni lambar yabo. Kai, ilimi da daɗi! Shekara nawa kuka yi kuna bincike kafin ku gano cewa motar da ba ta tafiya ba ta hayaƙi?

Alhaji ya ce in Asabar ta zo ban sami lodi ba, zai karɓi makullinsa. Don haka roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ka taka da ƙafarka mai albarka ka zo kara kafin ranar, ka tsaya gaban Malam Jalo da dillalai, ka gaya musu da bakinka cewa Cibiyarka ce ta ce kada a tsaya. Ka sa tsohon takalmi, wurin ba irin ofishinka ba ne.

In kuwa ayyuka sun yi maka yawa, babu komai, a aiko mini da lambar yabon gida. Daga Asabar kullum ina nan.

Naka mai biyayya, wanda biyayyar ta kai shi ta baro,

Ɗanlarai Direba,
Gwarzon Wata,
Ƙofar Dumi, Bauchi.