Na'urar Ce Ta Rasu, Ba Ni Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da shiru, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda wannan sanarwa ta faɗa hannunsa bisa kuskure, rasuwar na'urar wasan bidiyo ta gidana. Ta cika da hantsi, a kan teburinta na kullum ƙarƙashin talabijin, bayan jinyar da ta daɗe tana ɓoyewa. Ina neman afuwa da sanarwar ta yi jinkiri. Na tsaya jiran a lura cewa an yi mini rashi, da na ga jiran zai yi tsawo sai na ɗauki biro.

Marigayiyar ta shigo gidan nan a cikin kwali, shekarar da na ajiye alli. Na yi rayuwata ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, ina zana wa yara koguna da duwatsun da ban taɓa gani ba. Ranar da aka sallame ni, tun da sauran ƙarfina, an yi jawabai masu daɗi, aka ba ni kyautar agogon bango, wato abin da ya fi dacewa da mutumin da babu sauran inda ake jiran sa. Uwargida a lokacin ta tafi taya 'yarmu renon jariri na ɗan lokaci. Jaririn yanzu yana zuwa makaranta, an kuma yi masa ƙanwa.

Babban ɗana, wanda ke aiki a nesa, ya karanta a wani wuri cewa wasan bidiyo yana hana ƙwaƙwalwar tsoho yin tsatsa. Ya kawo ta da kansa, Allah ya yi masa albarka. Ya haɗa wayoyi, ya buɗe mini asusu, ya nuna mini inda ake dannawa, ya kwana ɗaya. Da zai tafi, yana riƙe da ƙofar mota, ya yi mini wasiyya irin wadda na taɓa yi masa ranar da na kai shi jami'a: kada in ba kowa sunana, ko lambar wayata, ko sunan garinmu, domin duk wanda ya yi mini magana a cikin wasan ɗan damfara ne. Na ce to. Iyaye masu biyayya ba su ƙare ba.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa tambaya ta ko na sha magani ba. Ba ta taɓa cewa za ta kira ni anjima ba. Lokacin da na gwada wasan yaƙi, jikokin mutane suna harbe ni kafin in gano inda kan bindigata yake, ba ta yi dariya ba. Lokacin da na gwada ƙwallon ƙafa, na ci gidanmu da ƙafata, ta rufa mini asiri. Ta bar ni ina laluben hanya har na faɗa kan wasan da ya dace da ni: tuƙin tirela. A ɗora maka kaya a wannan gari, ka kai su wancan. Babu abokin gaba, babu kofi. Ka tsaya a danja, ka sha mai, ka ba da hannu kafin ka sha kwana. Yara suna cewa wannan ba wasa ba ne, aiki ne. Abin da ya ja ni ke nan.

Muryarta ba ta da yawa. In an kunna ta takan yi ɗan ƙara guda ɗaya, gajere, irin sallamar baƙo mai kunya. Sai fankarta ta fara gunaguni ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa tana lissafin jikokinta. Amma muryar da na fi tunawa aro ce, ta abin saƙalawa a kunne take fitowa, kuma tana farawa da tari.

Wata safiya ina tafe da lodin katako, na tarar da jar tirela ta kwanta a ramin gefen hagu. Motoci suna ta wucewa. Ni da na saba tsayawa kan yaron da aka bari a baya, sai na taka birki. Aka yi tari sau biyu, sannan wata muryar dattijo ta ce da harshenmu, “Bawan Allah, in ba sauri kake ba, a ina suka ɓoye ribas a motar nan?”

Na gaya masa. Ya fito daga ramin, ya yi 'yar tafiya, ya koma wani ramin, shi ma na hagu.

“Ba maye na yi ba,” in ji shi. “Hannun ne. Ɓarin jikina na hagu ya taɓa shanyewa, likita ya ce wa 'yata ta samo mini abin da zai riƙa motsa yatsun. Ga shi tana biyan kuɗi ina kashe mutane a titi.”

Na ce ya biyo bayana. Ya ce zai biyo, amma gara ya faɗa mini gaskiya, 'yarsa ta ce ni ɗan damfara ne. Na ce ɗana ma haka ya ce a kansa.

“To madalla,” ya ce. “Ashe sana'armu ɗaya.”

Tun daga ranar yake kira na Ɗan Damfara, ni kuma ina kiran sa Mai Tari. Idonsa ba ya karanta allon kan hanya, saboda haka ni ne a gaba, fitilun bayana a kunne, shi yana bin su. In zan sha kwana ina faɗa masa tun da nisa. Kowace safiya bayan karin kumallo muke haɗuwa, mu ɗauki kaya, mu kama hanya da gudun da doka ta yarda. Mun tattauna gwiwa, da hawan jini, da yadda yara ke kiran waya suna duba wata wayar. Na san sunan maganin da yake sha. Na san matarsa ta rasu a shekarar da ya gama ginin gidansu. Na san ba ya iya ɓalle maɓallin riga da kansa, kuma ya fi ƙin wannan a kan ciwon. Sunansa kawai ban sani ba, da garinsu, da lambarsa, domin mu biyun mun yi wa 'ya'yanmu alkawari, kuma mu mutanen da ne.

“Ɗan Damfara, rage gudu,” yakan ce. “Ba tseren zuwa kabari muke ba, can ɗin ba a cika wuri.”

Wata rana, muna tsaye a gidan mai, ya ce, “Ka san na sa hula?”

Na ce ai ba na ganin sa.

“Na sani. Amma saboda kai nake wanka da wuri, in sa a ɓalle mini riga, in sa hula. Kafin ka tsince ni a ramin nan, sai azahar ta same ni a gado, ba don barci ba.” Sai ya yi tari, ya ce in ja mu tafi, kifin da muka ɗauko zai lalace.

Wannan ita ce hidimar da marigayiyar ta yi, kuma ban san wani mai rai da ya yi irinta ba a 'yan shekarun nan.

Dole in ambaci wani dattijo na uku da ya taɓa shiga ayarinmu. Mun sa masa suna Guguwa, saboda ko keke yana iya wuce shi. Ya yi watanni tare da mu, rana ɗaya sai bai zo ba. Muka jira, muka sake jira. A ƙarshe Mai Tari ya ce a shekarunmu wanda ya daina zuwa ba yawon buɗe ido ya tafi ba. Muka gangara gefen titi, muka kashe injin, muka yi masa addu'a, muka faɗi alherinsa, har na ƙara da wanda bai yi ba. A lokacin na ɗauka mun kyauta. Yanzu ina zargin mun binne mutum da ransa, yana can zaune a falonsa lafiya ƙalau, da mataccen akwati a gabansa.

Jinyar marigayiyar ta fara da zazzaɓi. Jikinta yakan yi zafi, gunagunin fankar ya koma nishi. Na ɗaga ta a kan littattafai biyu don ta sha iska, na juya mata fankar ɗaki, ni ina zufa. Ta ɗan samu sauƙi. Ranar da abin zai faru muna gangarowa daga kan wani dutse, hanya mai yawan lanƙwasa, ina gaba, yana baya. Abin da na ji na ƙarshe shi ne, “Wannan kwanar dama ce ko hagu, Ɗan Dam…” Sai allon ya yi baƙi. Babu ƙara, babu hayaƙi. Ta tafi cikin mutunci, ta bar mutum mai shanyayyen hannu a kan gangara, fitilun da yake bi sun ɓace a gabansa, tambayarsa ba amsa. Na san abin da zai ɗauka. Tare muka kafa dokar.

Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya buɗe ta, ya hura, ya shinshina, ya kira maƙwabcinsa mai gyaran rediyo shi ma ya shinshina, sannan suka haɗu suka ba ni haƙuri. Ɗana da ya ji labari ya ce ba komai, kuma kafin in gama jimami sabuwa ta iso, ta fi marigayiyar kyau da sauri. Sai dai asusun da ya buɗe mini da imel ɗin wurin aikin da ya bari tuni ne, kalmar sirrin kuma ta bi iska. Ya ce a buɗe sabo, ai duk ɗaya ne. A tsohon asusun ne sunan da Mai Tari ke wasa da shi yake, wani jerin haruffa da lambobi da 'yarsa ta danna masa cikin gaggawa. Kullum yana gefen allo ina kallon sa. Ni da na sa yara haddace tsawon koguna da bulala a hannu, ban haddace shi ba. Marigayiyar ce ke riƙe mini, ta kuma tafi da shi.

Ta rasu ta bar hannun wasa guda ɗaya, wanda maɓallin birkinsa ya suɗe don yawan taka tsantsan. Ta bar abin kunne da aka ɗaure da salatif, da kujera mai ɗauke da siffar bayana, da talabijin wanda ya koma karanta labarai. Ta bar lodin firji da ba a kai ba. Ta bar magajiyarta, mai ƙyalli, wadda ba ta san kowa ba. Na hau ta da sabon suna, na bi hanyoyinmu na da, ina tsayawa kan duk jar tirelar da na gani a rami. Yawancinsu yara ne da suka kwantar da motar da gangan, kuma na koyi zagi a harsuna da dama. Ta bar ni. Ta bar wani dattijo a wani gari, wanda ban sani ba ko har yanzu yana sa hula.

Game da jana'iza, iyalai, wato ni, sun yanke shawara kamar haka. An ba mai gyara fankarta da wayoyinta, bisa roƙonsa, don a dasa wa masu bukata. Abin da ya rage za a mayar da shi cikin kwalin da ta zo da shi, a ɗora a kan kabad gobe da hantsi. Ba a bukatar masu ɗaukar makara, hannu ɗaya ya isa. Za a karɓi gaisuwa a falo kowace safiya, akwai kujeru, kuma babu cunkoso.

Maimakon zuwa, ga abin da ake roƙo. Duk wadda take da uba mai nauyin hannun hagu, wanda ya daina tashi da wuri a 'yan makonnin nan, ko aka ji yana yi wa wani ɗan damfara addu'a, ta taimaka ta gaya masa addu'ar ta iso amma ta yi gaggawa. Ta ce masa kwanar dama ce. In kuma wani abu ya same shi, shi ma a gaya mini, kada a bar ni ina tsayawa kan yaran mutane.

Lambar wayata tana maƙale da wannan sanarwa. Na manna ta a ƙofar shagon mai gyara, na kuma sa ta a duk zauren 'yan wasan da na iya shiga. Ɗana ya kira ya yi faɗa, wanda shi ne kira mafi tsawo da muka yi a bana. Ya ce 'yan damfara na gaske za su yi ta kira na. Gaskiyarsa, sun ma fara. Jiya wani ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikina da iyali, ya ce na ci kyautar mota. Na ce masa ina da tirela. Ina ɗaukar kowane kira, ina barin mai shi ya yi ta magana ko zai yi tari. Har yanzu duk lafiyarsu ƙalau, amma ana ci gaba da karɓar gaisuwa.