Rasuwar Fiffiken da Ke Ƙofar Gidan Yefim

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da ciwo, Yefim Tarasich, kafinta, na gidan ƙarshe a bakin kogi, yake sanar da maƙwabta rasuwar bencinsa, wanda ya rigamu gidan gaskiya ranar Talata, Yefim ɗin yana zaune a kansa.

An haifi marigayin a masana'antar kujerun garinmu, shekarun da ƙarfe ya yi tsada aka ce kafintoci su ƙera jiragen saman yaƙi da katako. Fiffike ne na hagu. Yefim ya jera masa farin itace falle-falle, ya haɗa da gam ɗin da ake dafawa da cuku da farar ƙasa, lokacin da shi kansa rabonsa da cuku har ya manta. Kafin a ƙera masa ɗan'uwa na dama, yaƙi ya ƙare. Masana'anta ta koma kujeru, aka sallami marigayin, ya biyo maƙerinsa gida, aka dasa masa ƙafafu huɗu.

Mai haƙuri ne, ba ya zaɓen baƙo. Kowane yammaci matan unguwa, waɗanda mazajensu ba su dawo ba, sukan jeru a kansa suna ɓare 'ya'yan kabewa suna hira. Yefim na can ƙarshe, wajen siririn bakin fiffiken, yana saurare. Da ma shi bai iya hira ba, bai kuma iya gayyata ba. Bencin ne ya iya. Idan Gwaggo Frosiya, ɗaya daga cikin matan, ta zauna yakan ce ƙiii, idan ta tashi ya ce hooo, bai taɓa faɗin abin da ya wuce haka ba.

Jinyarsa ta daɗe. Damina ta jiƙa gam ɗin, ya tuna asalinsa, ya soma ƙamshin cuku. Akuyar gida ta riƙa zuwa dubiya safe da yamma. Yefim, kafinta guda, ya ga tana lasa, ya ɗauka ƙauna ce.

Da ya zube, Gwaggo Frosiya ce ta fara isowa. Ta dubi mamacin, ta dubi mai shi a kwance cikin kabeji, ta ce, "Sannu matuƙi! Tarasich, wa ya harbo ka?"

Tun ranar ba wanda ya tsaya a ƙofar gidan. Gaisuwa ake yi daga hanya, a wuce.

Marigayin ya rasu ya bar ƙafafu uku masu lafiya, da akuya wadda ba ta nuna nadama ba, da tsoho ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, a murhun ɗumama ɗakin wankan da ke bayan gidan, kuma za a dafa shayi da wutar. Ba a buƙatar furanni. Kowa dai ya zo da abin zamansa. Mai makoki yana roƙo, cikin jin kunya, idan an tashi a bar kujerun a nan.