Zabon da Na Kai wa Farfesa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Farfesa ya yi laccarsa ta bankwana ba, duk da irin ƙoƙarin da na yi in manta.

Farfesa Kirista ne, mutumin kudu. Ya tsufa yana koyar da falsafa da nazarin Littafi Mai Tsarki a wata kwaleji a nan Tamale. Ya fara yana ƙaramin malami mai zuwa aji a kan keke, ya je waje ya yo digirin digirgir, ya dawo ya rubuta littattafai masu kauri (ban gama ko ɗaya ba, amma ina yawan ambatonsu a majalisa). Ni kuwa Musulmi ne, ɗan zango, wato unguwar Hausawa, shi yake duba kundin digirina na biyu a kan yafiya a littattafan addinan biyu. Yakan dakatar da darasi idan la'asar ta yi, ya ce in je in yi salla, falsafa ba ta gudu.

Na rubuta babi uku, sai mahaifina ya rasu, shagonsa na kayan babur ya faɗo a kaina. Na daina zuwa. Ban yi wa Farfesa sallama ba, ban ɗaga wayarsa ba. Sau biyu na hango shi a kasuwa, sau biyun ina maƙalewa bayan tarin tayoyi, ni da gemuna. Haka aka shekara bakwai, kullum ina cewa wata mai zuwa zan je.

Da na ji zai yi ritaya ya koma garinsu, hankalina ya tashi. Abu ɗaya nake so: in tsaya gabansa in ba shi haƙuri kafin ya tafi. Tsorona shi ne ya dube ni ya ce, wane ne kai?

Na faɗa wa mahaifiyata. Ta ce, "Hannu wofi za ka je wurin malamin ka? Mutum ya koya maka karatu, za shi gida, ba doya, ba zabo? Kar ka kunyata mu."

Na ce, "Mma, lacca ce fa, a zauren taro."

Ta ce, "Zauren taro ba shi cin zabo, shi malam yana ci."

Haka na ɗauro doya uku da zabo mai rai a cikin kwali a bayan babur, tun daga gidanmu da ke unguwar Nyanshegu. Na bar doyar a kan babur, amma rana ta yi zafi, na ji tausayin tsuntsun. Na shiga da kwalin, na zauna can baya, na tura shi ƙarƙashin kujera. Wallahi har yaba wa kaina nake da wannan dabara.

Farfesa ya rame, gashin ya yi fari fat, amma muryar tana nan. Da na ji ta sai na ga kaina a ofishinsa, fanka tana gurnani, shi yana jan layi da jan biro a kan takarduna. Na yi kewar wannan ofishi fiye da yadda na zata. Ya ba da labarin aikinsa tun daga ajin farko, sannan ya cire tabarau ya ce a miƙe a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da abokan aikinsa da ɗalibansa da suka rasu.

Aka miƙe. Fastoci, malamai da rigunansu na digiri, matan coci da ankonsu, kowa ya sunkuyar da kai. Zabon da ya yi shiru tun daga gida, a nan ya ga damar yin magana.

Wanda ya san kukan zabo ya san ba ya yin ɗaya ya bari. Na sa ƙafa in danne kwalin, murfin ya buɗe. Ya fito, ya bi ta tsakanin ƙafafun mutane, ya tashi ya sauka a kan teburin manyan baƙi, ya kifar da ruwan shugaban taro. Ni kuma (don in ƙarasa kaina) na bi shi da gudu, rungume da kwali, ina cewa "a tare, a tare."

A gaban mumbari na tsaya. Farfesa ya mayar da tabarau, ya dube ni, ya dubi kwalin. Sai ya matso da bakinsa kusa da lasifika, ya yi magana da Hausarsa ta kasuwa.

"Ɗan zango, babi na huɗu ne a cikin kwalin nan?"

Zauren ya ɗauki dariya. Ni kaɗai ne idona ya cika da hawaye, don ko daƙiƙa bai ɓata ba wajen gane ni.

Bayan an watse na durƙusa zan fara jawabin da na yi kwana uku ina haddacewa. Ya ɗaga ni. Ya ce, "Na ji baban ka ya mutu. Na zo gidan ku gaisuwa, mutane da yawa, ba ka gan ni ba. Ni ban yi fushi ba. Na jira ka ne kawai." Ya sa aka saka masa zabon da doyar a mota, ya riƙe hannuna har direba ya gaji da jira.

Bara aka aiko cewa ya rasu a garinsu. Yanzu idan na bi ta ƙofar kwalejin nan sai in rage gudu, ban san me nake nema ba. Shekara bakwai mutumin yana nan, tafiyar minti goma daga shagona, na bar su suka wuce saboda kunyar da zabo ɗaya ya gama da ita cikin minti biyu.

Abin da na koya ke nan: idan akwai wanda kake son ba wa haƙuri, ka je yau, tun yana nan. Idan kuma dole sai da zabo, ka yanka shi tun daga gida.