Sarƙar da Na Ɓoye wa Ɓarayin Tsibiri

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, ko da kuwa na so, domin har yau akwai abaya huɗu a gidan 'yata da ke ɗauke da shaidar abin da na aikata.

Ni tela ce a unguwar Zahir. A nan Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata. Kakanmu ne ya taso daga Kano a ƙasa, ya biyo ta Sudan, ya sauke farali, ya ce shi kam ya iso gida. Abaya nake ɗinkawa da jallabiyar mata, amma abin da aka fi sanina da shi aljihun ɓoye ne. Idan aikin Hajji ya zo, mata alhazai na Nijeriya da Nijar har ɗakina suke zuwa, in ɗinka musu aljihu a ƙugun wando ko a cikin kalmasar riga, su sa guzurinsu su shiga cunkoso hankali kwance. Sama da shekara ashirin ina wannan aiki, ba wadda ta taɓa dawowa ta ce an yanke mata aljihu. (Na faɗi wannan ne don ku san ba haka kawai na tashi ba. A ganina ni gwana ce a sha'anin ɓarayi.)

'Yata Ruwaida ta auri Anas, ɗan unguwar Rusaifa a nan Makka. Su ma asalinsu Hausawa ne, sai dai Hausar Anas ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. Mahaifiyarsa, Ummu Anas, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, mace mai natsuwa, irin wadda ke magana a hankali har ka ji kunyar muryarka. Tun farko ina ɗan shakkarta. Ranar biki ta ciro wata sarƙar zinare mai nauyi, ta mahaifiyarta, ta ɗaura wa Ruwaida a wuya a gaban mata, ta ce, "Wannan ta girme ni. Amana ce na ba ki, ya binti, 'yata." Kowa ya ji, kowa ya gani.

Bayan biki da mako guda za su tafi yawon amarci. Za su hau jirgin sama, daga can su shiga wani katafaren jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, wanda ke tsayawa tsibiri-tsibiri baƙi su sauka su sha iska. Ni da iyakata da teku bakin ruwan Jidda, in ci soyayyen kifi in dawo, sai na ce Allah Ya kiyaye hanya, na yi shiru.

Shirun bai daɗe ba. Wata maƙwabciyata ta turo mini bidiyo a waya: ga baƙi sun sauko daga jirgi suna tafe a bakin wata kasuwa, sai ga mutum biyu a kan babur, na baya riƙe da wuƙa. Ya cafki sarƙar wata mata, ya fizga, ta kife a ƙasa, suka ja ta a kan kwalta kafin sarƙar ta tsinke. An rubuta sunan tsibirin a ƙasa, kuma ya yi mini kama da ɗaya daga cikin sunayen da Ruwaida ta lissafa. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Wallahi tsoro ya kama ni na gaske, don wuyan 'yata kawai nake gani.

Na kira Anas. Ya ce, "Khala, la tikhafi, kar ki ji tsoro," ya fara yi mini bayanin wata takarda da masu jirgin suka aiko game da tsaron baƙi. Ban saurara ba. Me takarda ta sani? Na kira Ruwaida, ita kuma dariya ta yi.

"Ummi, khalas, ya isa mana! Kuma don Allah kar ki ɗinka mini komai. Ba Mina za ni ba."

(Ta san uwarta. Lokacin da take firamare, kuɗin tara ma a cikin kalmasar siket nake sa mata.)

Ranar Laraba ta kawo akwatin tafiyarta gidana, don in goge mata sababbin abayoyi huɗu da na ɗinka mata, in shirya su a ciki. An yi cewa washegari da safe za su biyo su ɗauke ni da akwatin, mu ci abincin rana a gidan Ummu Anas, daga nan mu raka su filin jirgi a Jidda. Ta shiga kicin haɗa shayi, ni kuma na buɗe akwati. Me zan gani a sama-sama? Ɗan akwatin sarƙar nan, jan karan-miski. Wato yarinyar nan da zinaren kakar miji za ta sauka a tsibirin 'yan ƙwace?

Ban yi shawara da kowa ba. Na zare sarƙar, na naɗe ta a auduga don kada ta yi ƙara, na mayar da ɗan akwatin wurinsa ba komai a ciki. Na fizgo abaya ɗaya daga cikin waɗanda ke rataye a bayan ƙofa, na farke kalmasar ƙasa, na shimfiɗa sarƙar a tsawonta, na bi da keke. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Dabarata ita ce, sai sun shiga jirgin ruwa in kira ta in gaya mata, ta yi fushinta a can tsakiyar teku.

Abu biyu ne ban lissafa ba. Na farko, ban sa tabarau ba, saboda sauri. Na biyu, abayoyin da ke bayan ƙofar nan biyar ne, ba huɗu ba. Ummu Anas ta kawo tata in rage mata tsawo, kuma daga bandir ɗaya na yanka su duka, don ni na yi mata kyautar yadin lokacin biki. Baƙi ne, baƙi ne, baƙi ne. Da la'asar ta biyo da kanta ta karɓi tata a leda, muka yi gaisuwar surukai, ta tafi. Ni kuwa na goge huɗun da suka rage, na jera a akwati, ina jin daɗin yadda aikina ya ɓoyu har ni kaina ban ji tudunsa ba.

Alhamis muka ci abinci lafiya a Rusaifa. Akwai ƙannen Ummu Anas mata biyu da wata gwaggon Anas, tsohuwa mai kaifin ido. Bayan an sha shayi aka fara shirin fita, Ummu Anas ta shiga ɗaki ta sako abayarta, ta fito ta ce, "Ruwaida, sa sarƙar nan mu yi hoto ɗaya kafin ku tafi."

Ruwaida ta buɗe akwati, ta ɗauko ɗan jan akwatin, ta buɗe. Na ga yadda fuskarta ta canza. Ta juya shi, ta girgiza, ta fara tona kaya. Gwaggon ta ce, "Innalillahi. Mako guda kacal?" Ummu Anas ta zauna a hankali a bakin kujera, tana kallon 'yata. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo. Yarinya sabuwar shiga gida, an ba ta amana a gaban jama'a, ga shi ana ganin ta yar.

Sai na miƙe, har da gyaran murya.

"Ku kwantar da hankalinku. Sarƙa tana nan. Ni na adana ta."

Na yi musu ɗan wa'azi a kan tsibirin, da babur, da wuƙa, da matar da aka ja a kwalta. Na gaya musu shekaruna a wannan sana'a. Sannan na ciro ƙaramin almakashi daga jakata (tela ba ta fita babu shi), na ɗauko abayar farko, na farke kalmasar tun daga wannan gefe har wancan. Ba komai.

"Ba wannan ba ce," na ce, ina murmushi.

Na farke ta biyu. Ba komai. A ta uku murmushin ya tafi, gumi ya fara bin bayana duk da sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da ke falon. Ta huɗu kuwa ba farkewa na yi ba, yagawa na yi. Na zazzage ta, na shafa kafaɗa, na leƙa hannun riga. Ruwaida ta ce, "Ummi..." da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Anas yana duban agogo. Gwaggon kuma yanzu ni take kallo, daga fuskata zuwa jakata, daga jakata zuwa fuskata. A ranar na san yadda ɓarawo ke ji, ni da na ƙare rayuwata ina yaƙi da su.

Can sai Ummu Anas ta ɗan motsa ƙafa, ta ce da muryar nan tata mai sanyi, "Ya Ummu Ruwaida, dalma kike sa wa abaya a ƙasa don ta zauna? Tun da na sa wannan wani abu ke bugun idon sawuna."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Amma ba ta tsage ba. Haka na durƙusa a kan gwiwoyina a gaban surukata, a tsakiyar falonta, na kama gefen rigarta ina farkewa, 'yan'uwanta na tsaye a kaina. Auduga ta fito, zinare ya biyo baya. Ɗaya daga cikin ƙannenta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Gwaggon ta ce, "To! Ashe mai kayan ce ta sace kayanta."

Na buɗe baki in ba da haƙuri, aka riga ni. Ruwaida ce ta yi magana, hawaye na zuba tana dariya a lokaci guda.

"Ummi, wa ya ce miki da ita zan tafi? Takardar masu jirgin ta ce kar a sauka da zinare, kar a rabu da ayari, a bi jagoran da suka bayar, a koma jirgi kafin rana ta faɗi. Anas ya karanta miki! Hoto kawai za mu yi, in ba ki ita ki ajiye mini har mu dawo."

Wato ni za a bai wa ajiyar. Abin da za a miƙo mini da hannu biyu, shi na bi ta bayan gida na ɗauke.

Ummu Anas ta karɓi sarƙar, ta ɗaura wa Ruwaida da hannunta, ta share mata hawaye, ta ce, "Ma'alish, ya binti, na yi miki zato a zuciyata, ki yafe mini." Aka yi hoton. (Ina ciki, a gefe, kamar wadda aka kamo.) Sannan ta cire sarƙar, ta dube ni, ina jira in ga wa za ta miƙa wa. Sai ta sake zama, ta miƙo mini gefen abayarta.

"Mayar da ita inda take, ki ɗinke. Wurin da mai ɓoyon ma ta kasa ganowa, ɓarawo ba zai gano ba."

Na sake durƙusawa, na ɗinke.

Abayoyin Ruwaida kuwa a mota na gyara su, a kujerar baya, tun daga Rusaifa har Jidda, da allurar hannu. Zaren da ke jakata ruwan toka ne, babu baƙi. Duk hotunan da suka turo daga jirgi, idan ka duba ƙasan rigarta za ka ga layin toka yana tafiya a karkace, inda mota ta yi tsalle shi ma ya yi tsalle. Na ce ta kawo in sake mata da keke, ta ƙi. Wai tarihi ne.

Da suka dawo ta ba ni labari cewa a wannan tsibirin wani mutum daga jirginsu ya bar ayari ya zaga bayan kasuwa shi kaɗai, aka tare shi da wuƙa, aka karɓe agogonsa da waya, har aka yanke shi a hannu. Su da suka bi jagora ba abin da ya same su. Na ɗaga yatsa na fara cewa, "Kun gani ko? Ai na faɗa..." Sai ta kalle ni, ta kalli ƙasan abayarta. Na sauke yatsana na ci gaba da zuba shayi.

Tsoron da na ji gaskiya ne, ɓarayin ma suna nan. Amma a duk tafiyar nan, da jirgin sama da na ruwa da tsibirai, mutum ɗaya ce ta taɓa sarƙar ba da izini ba, kuma a Zahir take zaune. Yanzu idan zan taimaki mutum, sai na tambaye shi tukuna, kuma sai na sa tabarau.

Ummu Anas ta zama babbar mai kawo mini ɗinki, mun saba har muna zuwa kasuwa tare. Sai dai duk ranar da ta zo karɓar kaya, ba ta fita sai ta ɗaga rigar a gabana, ta girgiza ƙasan a hankali kusa da kunnenta, fuskarta babu alamar wasa, ta ce, "Bari in ji ko yau ma da rabona."